Daɓen mabul da tsafta ta lalata: nazarin wani gida a Maraɗi

Hajiya ce ta aiko a kira ni, don shi Alhaji ya riga ya gama shawara: a fasa daɓen falon gaba ɗaya, a shimfiɗa karo, wato tayil, irin na kowa, a huta. Gidan yana unguwar Ali Ɗan Sofo, ginin bai wuce shekara uku ba. Lokacin kuwa hunturun da ya biyo bayan daminar 2024 ne, wadda duk mai zama Maraɗi ya san irin ruwan da aka sha a cikinta. Sana'ata shimfiɗa karo da dutse da gyaransu. Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta wannan aiki shi ne a gida ɗaya na tarar da kusan duk cututtukan da ke kama dutsen ado a ƙasarmu, kowace da nata sababi, amma mutanen gidan sun haɗa su sun ba su suna guda, wato datti. Tun da kuwa datti ne, maganinsa wanki. Wankin ne ya kai su inda suka samu kansu.

Abin da ke cikin gidan

Dutse iri uku aka sa. Babban falo, mai kimanin mita 8 a tsawo da 6 a faɗi, farin mabul ne mai jijiyoyi ruwan toka, irin wanda ƴan kasuwa ke jinginawa ga garin Karara na Italiya ko da ba daga can ya fito ba. Kaurinsa santimita 2. Baranda ta ciki da matakala an sa musu wani mai launin ƙasa-ƙasa da ake kawowa daga Masar, wanda ake sayarwa da sunan Galala. Teburin kicin kuma giranit ne mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari.

Sunan ma yana rikita mutane. Masu sayo kaya daga Kano suna cewa mabul, ƴan lakwal su ce marbur, wasu kuma a rediyo su ce marmara. Ni dai da na tashi, marmara ita ce jan dutsen nan mai ramuka da ake haƙowa a zuba a hanya ko a ɗora harsashin gini a kai, kuma ba ta da dangantaka da wannan. Saboda haka mabul zan riƙa cewa.

Da na tsaya a bakin ƙofa, falon gaba ɗayansa ya yi dishi-dishi kamar gilashin da aka shafa wa koko. Na roƙi a rufe labule, na kwantar da tocila a ƙasa don hasken ya bi fuskar dutsen a kwance. A nan abubuwa suka rabu. Akwai shatar da ta yi baka-baka ko'ina, daidai yadda hannu ke kai da komo da tsumma. Akwai wata hanya mai hazo da ta taso daga ƙofa ta nufi kujeru, ta rabu biyu, reshe ɗaya ya yi wajen matakala. A gindin bangon gabas akwai farin gari kamar an barbaɗa kanwa, dutsen wurin kuma ya yi rawaya. Sai tabo nan da can: zobba masu duhu kusa da inda ake aje kaskon turare, ɗigon ja-ja a wata kusurwa, da wani jan tabo kusa da kujerar tsohuwa, mahaifiyar Alhaji.

Alhaji ya tarar da ni durƙushe. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, dutse fa anka ce mini. Kuɗin dutse na biya. Mi ke cin dutse?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in akwai ragowar wanda aka yanka lokacin aiki, a kawo mini guntu, a haɗo da lemun tsami guda."

An yi sa'a akwai. A bayan ɗakin ajiya aka tono guntaye da fale-fale guda biyar cikakku da ba a taɓa ba, har yanzu da sheƙinsu. Na matsa lemun a kan guntu ɗaya, muka ci gaba da hira kamar minti biyu, na goge. Wurin ya yi fari fat, sheƙin ya tafi, in ka shafa da yatsa za ka ji ɗan kaushi. Na matsa sauran a kan guntun giranit ɗin kicin, muka jira daidai haka, na goge, babu abin da ya same shi. Alhaji ya karɓi guntun mabul ɗin yana juya shi a hannu, bai ce komai ba.

Dutsen da muka sani tun muna yara, na niƙa da irin manyan duwatsun nan da ke tsaye a cikin Zinder, shi ne ke cikin kanmu in an ce dutse. Na Zinder giranit ne, cike yake da ma'adinai masu tauri da tsami bai cika damunsu ba. Mabul kuwa jikinsa sinadari ɗaya ne da ɓawon ƙwai, ɗaya ne da farin dutsen da ake haƙa a Malbaza a ƙona a yi siminti. Masana suna kiransa kalsiyam kabonet. Duk abu mai tsami da ya taɓa shi sai ya narkar da fatar sama, iska ta fita, a bar wurin da ƙananan ramuka da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya. Sheƙin mabul ba fenti ba ne, ba mai ba ne, sulɓin dutsen ne kansa da aka goge har ya zama madubi. In sulɓin ya tafi, babu sabulun da zai dawo da shi. Galala ɗin matakala ma haka yake, don a haƙiƙa ɗan'uwan dutsen Malbaza ne da aka goge, ya ma fi farin saurin shan ruwa.

Abin da ke cikin bokiti

Na ce ina son ganin mai wanke falon. Hajiya ta ɗan ɓata rai, ta ce wannan ta biyu ce, ta farkon an sallame ta saboda ƙazanta, wannan ma ga shi ba ta fi ta ba. Aka kira yarinyar, ba za ta wuce shekara goma sha biyar ba, daga wani ƙauye ta wajen Madarunfa. Ta durƙusa can nesa, a tsorace.

Na ce, "Ɗiyata, ba faɗa za a yi miki ba. Ɗauko mini duk abin da kike zubawa cikin ruwa in za ki wanke nan."

Ta dawo da garin omo, da kwalbar javel, da wata jarka marar takarda mai ruwa rawaya-rawaya. Tun kafin in buɗe na san ko mene ne, don murfin ya ci, warin kuma yana shaƙe hanci. Asid ne, wanda masu shagon kayan gini ke kira espiri da sel, wanda magina ke wanke ragowar siminti da shi a kan karo. Na ɗiga kaɗan a kan guntun mabul, nan take ya tafasa yana kumfa kamar an zuba kanwa a tsamiya.

Da aka bi diddigi, tarihin jarkar ya fito. Ranar da aka gama shimfiɗa daɓen, mai aikin ya wanke shatar siminti da asid kamar yadda ya saba yi wa karo, ya bar ragowar, ya ce in wuri ya yi datti a ɗan zuba. A banɗaki, inda karo ne da tangaran, abin ya yi aiki sosai, farin ɓawon da ruwan foraj ke bari ya riƙa fita tas. Ganin haka aka ɗauke shi babban magani. Falon da ya fara dusashewa tun daga wancan wanki na farko, sai aka ce datti ne ya kama shi, a ƙara asid. Kowace Juma'a da safe ana zuba murfi biyu ko uku a bokiti. Yana ƙara dusashewa, ana ƙara murfi. Garin neman gira aka rasa ido. Jarkar da na gani ita ce ta huɗu ko ta biyar, direba ke sayowa.

Wato yarinyar farko da aka kora, ƙwazonta ne ya kore ta. Da malalaciya ce mai share sama-sama ta tafi, da falon bai kai haka ba. Na faɗa wa Hajiya wannan a gaban Alhaji, da ladabi amma ban rage komai ba, don an bar jaki ana dukan taiki. Hajiya ta yi shiru, can ta ce, "Allah Ya yafe muna."

Akwai abin da ya fi daɓen tayar mini da hankali. Na tambayi yarinyar ko tana haɗa javel da asid a bokiti guda. Ta ce, "I, Kawu, in Hajiya ta ce baƙi za su zo." Na ce in ta haɗa me take ji? Ta ce tari, da hawaye, wani lokaci ƙirjinta ya riƙe har dare. Haɗin nan iskar kulorin yake fitarwa, guba ce da ke ƙona huhu, a ɗaki rufaffe tana iya kai mutum asibiti ko abin da ya fi haka. Ita kuwa a durƙushe take aiki, fuskarta a bakin bokiti, hannu babu safa. A ranar aka fitar da jarkar daga cikin gida. Wannan magana ta wuce gidan masu mabul: ko daɓen siminti gare ka, kada javel ya haɗu da asid, ko da ruwan tsami na binegar, ko da maganin wanke masai.

Hanyar da ƙafa ta yi

Hazon da ya taso daga ƙofa ba na asid ba ne. A ƙarƙashin tocila ƙananan karce ne dubbai, sun bi inda ake tafiya. Wani Bajamushe masanin ma'adinai, Friedrich Mohs, ya jera taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10 a shekarar 1812, har yau da jerinsa ake aiki. Ma'adinin mabul yana kan 3. Wuƙar ƙarfe tana wajen 5 da rabi. Ƙwayar yashi, wadda akasarinta kwaz ne, tana kan 7, lu'ulu'u kuma 10. Mu kuwa a kan yashi garinmu yake zaune. Kowace ƙwaya da ta maƙale a tafin ƙafa ko ƙasan takalmi ta fi daɓen tauri nesa ba kusa ba, mutum ya taka ta da nauyinsa ya ja, ta bar layi. Giranit, da yake shi ma kwaz ne a cikinsa da wani ma'adini mai taurin 6, yana jure wannan shekara da shekaru.

Mutane suna ɗora laifin a kan ƙurar hunturu, amma ƙurar nan mai laushi da ke sauka a kan tebur ba ita ce babbar mai ɓarna ba. Yashin tsakar gida ne. A gidan nan ana cire takalmi, sai dai a cikin falon ake cirewa, taku biyu bayan ƙofa, ba a waje ba. Yara suna shiga da gudu. Shara kuma da tsintsiyar kaba ake yi, mai tura yashi gaba tana gurza shi, sannan a bi da jiƙaƙƙen tsumma a kan wanda ya rage. Da na ɗaga babbar dardumar tsakiya, yashin da ke ƙarƙashinta ya kai cikin tafi biyu, ya yi shekara yana niƙa dutsen a ɓoye duk lokacin da aka taka.

Bangon gabas

Nan ne aikin ya fi wuya, nan ne kuma ban yi cikakkiyar nasara ba.

Na yanka leda guda biyu, kowace kamar rabin mita, na manne gefunansu da sikoc, ɗaya a gindin bangon, ɗaya a tsakiyar falo. Washegari ta tsakiya a bushe take. Ta gindin bango kuwa cikinta ya yi raɓa, dutsen da ta rufe ya yi duhu. Ruwa yana tasowa daga ƙasa ke nan, a tsakiyar hunturu, wata uku bayan ɗaukewar ruwan sama.

Muka zaga bayan bangon. Famfon alwala yana manne da shi, babu magudana, duk ruwan da aka zubar sau biyar a rana yana nutsewa a gindin ginin. An kuma yi ciko a tsakar gida bayan an gama gini, har ƙasar waje ta zo daidai da daɓen ciki, ta ma ɗan fi shi tudu a kusurwa. Da aka tona sai ga mahaɗar bututun da ke saukowa daga tanki tana tsiyaya a hankali, ƙasar wurin ta zama taɓo. A daminar 2024, in ji mai gadi, ruwa ya kwana biyu yana tsaye a jikin bangon nan. Da muka ɗaga fale ɗaya da ya riga ya tsage, na ga abin da nake zato: ba a shimfiɗa leda ƙarƙashin kankaren ba, an kuma ɗora farin dutse a kan baƙin siminti da yashin gulbi da ba a wanke ba. Farin mabul farin siminti yake so, ko gam ɗin da aka yi dominsa, don duk abin da ke ƙarƙashinsa yana iya shanyewa ya nuna a sama.

Farin garin gishiri ne. Ruwa yana narkar da shi daga ƙasa da siminti, ya bi ƙananan ƙofofin dutsen ya hau, ruwan ya bushe, gishirin ya zauna. Ana wankewa da ruwa ya ɓace, kwana biyu ya dawo, don ruwan wankin ya sake narkar da shi ya maida shi ciki. Busasshen buroshi ne maganinsa, sai kuma a toshe inda ruwan ke fitowa. Rawayar kuwa tsatsa ce daga cikin jikin dutsen. Farin mabul da yawa yana ɗauke da ƴan ƙwayoyin ƙarfe da ba a gani, in ya daɗe a jiƙe sai su yi tsatsa. Javel da aka riƙa zubawa don a fitar da ita ƙara ta yake yi. Tun a ranar na gaya wa Alhaji cewa wannan launi zai ragu, amma kada ya sa rai zai fita duka.

Tabo, da yadda ake gane shi

Ƙa'idar da nake koya wa yarana ita ce: in wurin ya fi sauran dutsen duhu ko ya canza launi, wani abu ne ya shiga, ana iya jawo shi waje. In ya fi sauran haske kuma ya rasa sheƙi, wani abu ne ya ci, sai an goge. Zoɓo yana yin duka biyun a lokaci guda, ya ci da tsaminsa ya kuma rina da jansa. Kunun tsamiya, fura da nono, lemun kwalba, miyar tumatir, duk masu ci ne.

Zobban wajen kasko na humra ne da man turare, kwalaben da ake ajewa a ƙasa. Ɗigon kusurwa lalle ne na wani biki. Na wajen kujerar tsohuwa goro ne. A teburin kicin, gefen murhu ya yi duhu da man gyaɗa, don giranit mai haske, duk taurinsa, yana shan mai in ba a shafa masa abin toshe ƙofofi ba.

Shawara da aiki

Alhaji yana nan kan bakansa na a fasa. Na ce masa kaurin dutsen santimita 2 ne, ɓarnar asid da yashi kuwa ba ta kai milimita guda ba, sabon falo yana nan kwance a ƙarƙashin tsohon. In kuma ya fasa ya sa karo bai gyara bangon gabas ba, gishirin zai fito ta layukan karon. Samun irin wannan dutse ma ya ƙara wuya. A lokacin, tun rufe iyakar Benin a 2023, kayan da a da ke zuwa ta Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina, ko a sayo a Kano a shigo da su ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma ko an samu, launin wani zubi ba ya zama ɗaya da na wani. Kuɗin gogewa bai kama ƙafar kuɗin fasawa ba. Wannan na ƙarshe ne ya shiga kunnensa.

An fara da waje. Aka gyara bututu, aka matsar da famfon alwala nesa da bango aka yi masa magudana, aka kwashe cikon da ke jikin ginin aka zuba kankare mai gangara zuwa tsakar gida. Sannan na ce a jira. A nan muka ɗan samu saɓani, don azumi zai kama a farkon Maris, shi kuma yana son falonsa kafin ƙaramar salla. Na ce dutsen da ke jiƙe ba a goge shi a toshe, in an yi haka an kulle ruwa da gishiri a ciki, su kuma za su nemi hanya ta ƙarfi, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa. Iskar hunturu ta taimaka. Aka janye kujeru daga bangon, ana buɗe tagogi, ana share gishirin a bushe duk kwana biyu. Bayan mako bakwai ledar gwaji ta kwana ba raɓa.

A cikin makonnin jiran muka yi ta fama da tabo. Na mai, ana kwaɓa garin bikarbonat da ruwa kaɗan, ko farin garin alli da asetan, ruwan nan na goge jan farce, in tabon ya tsufa, ya yi kauri kamar tuwon da bai gama daskarewa ba. A shafa kaurin rabin santimita, ya wuce gefen tabon kaɗan, a rufe da leda a huda ta wuri biyu ko uku, a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu, a cire ledar ya bushe sarai kafin a kankare da katako. Bushewar ce ke jawo man daga cikin dutse zuwa cikin garin, wanda ya yi gaggawar kankarewa ya yi aikin banza. Zobban humra sau uku aka yi musu. Na kicin sau biyu. Lalle da goro kuwa ruwan oksijene suke ji. Na farmasi mai kashi 3 cikin ɗari ya yi rauni, sai muka nemo irin na masu gyaran gashi mai kashi 12, aka kwaɓa da garin alli. A kan farin dutse kawai ake yin wannan, baƙi ko kore yana iya koɗewa. Lallen ya fita tas. Goron ya bar ɗan inuwa da sai an nuna maka.

Fale huɗu mafi rawaya muka cire, muka maye su da waɗanda aka tono a bayan ɗakin ajiya. Ban san wanda ya hana a zubar da su ba lokacin gini, amma ya yi wa gidan alheri. Na biyar na ce a adana.

Gogewar kanta kwana shida ta ci, da inji mai faifan lu'ulu'u da ruwa. Ana farawa da faifai mai kaushi, mu da lamba 100 muka fara saboda cin asid ɗin ya yi zurfi, sai 200, 400, 800, 1500, har 3000, kowane yana share karcen wanda ya gabace shi. Wanda ya tsallake lamba don sauri zai ga sakamakonsa ranar da rana ta shigo ta taga. A ƙarshe ana bi da garin sheƙi, wanda abin mamaki shi ma akwai ɗan asid mai sauƙi a cikinsa, oksalik, sai dai a gwargwado, a hannun wanda ya san lokacin da zai ɗauraye.

Da ni za a bi, da a lamba 400 aka tsaya ko'ina. Dutsen yana yin sumul ba tare da ƙyalli ba, karcen yashi da ɗigon tsami ba sa nunawa sosai, kuma ba ya santsi. A gari mai yashi irin namu wannan ya fi dacewa da mabul. Alhaji ya ce shi bai sayi mabul don ya yi kama da siminti ba. Hajiya ce ta raba gardamar, ta tuna masa cewa tsohuwa ta taɓa zamewa a matakala da jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala. Aka tsaya a kan falo ya yi madubi, baranda da matakala da taku uku na bakin ƙofa su tsaya a 400.

Daga nan aka shafa ruwan toshe ƙofofi, irin mai nutsewa cikin dutse, ba irin mai yin fata a sama ba. Na bar mita guda a gindin bangon gabas ban shafa ba, don in akwai sauran danshi ya samu mafita. Na kuma ja kunnen Hajiya cewa wannan magani jinkirta shigar mai da launi kawai yake yi, ya ba mutum lokacin gogewa. Tsami kam ko an shafa zai ci. Yadda za ta san ya ƙare: ta ɗiga ruwa, in bayan minti goma wurin ya yi duhu, lokacin sabuntawa ya yi.

Iyayenmu mata sun san daɓen ƙasa ciki da waje, sun san yaushe ake yayyafa masa makuba, sun san abin da ba a jan sa a kai. Shi wannan an kawo shi cikin akwati ne ba tare da iliminsa ba, mai sayarwa bai faɗa ba, mai shimfiɗawa bai sani ba. Don haka kafin in tafi na zaunar da yarinyar da Hajiya tare, na nuna musu da hannu. Shara da tsintsiya mai laushi ko busasshen tsumma kullum, kafin ruwa ya taɓa ƙasa. Wanki da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa na wanke kwanuka, tsumma a matse, a canza ruwa in ya yi datti, a bi da busasshe don ruwan foraj kada ya bar shata. Omo ya koma wajen tufafi. Abin da ya zube a dangwale shi nan take, kada a shafa shi ya bazu. Tabarma mai kaushi a waje, mai laushi a ciki, takalmi a tsaya da shi a baranda. Kasko da kwalaben turare a kan faranti, ƙafafun kujeru a manna musu ƙyalle, darduma a ɗaga ta duk mako.

Bayan damina ta zagayo

Na koma a watan Oktoba. Gishirin bai dawo ba, sai ɗan kaɗan a kusurwa guda da ruwan indararo ke fantsama, aka ƙara wa indararon tsawo. Rawayar da ta rage a fale shida na gindin bango tana nan, ta yi haske amma tana nan, an jera kujeru a kanta. Bakin ƙofa da matakala, inda aka tsaya a 400, kamar jiya aka gama su. Falon kuwa ya fara nuna ƴar hanya daga ƙofa zuwa kujeru in an kwantar da tocila, ba kamar da ba, amma nan da shekara biyu ko uku zai so a sake bi da faifai masu laushi. Na faɗa wa Alhaji haka, ya ce wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

A tsakiyar falon, kusa da ƙafar tebur, akwai sababbin zobba biyu farare. An yi suna a gidan, wata baƙuwa ta aje kofin zoɓo a ƙasa, ba a gani ba sai da safe. Yarinyar ce ta nuna mini su tun kafin in gani, ta ce ta sa oksijene jan ya fita, farin kuma ba ta taɓa shi ba, don ta san wannan ci ne, sai inji. Tarin da take yi ya daina. Hajiya ta ce a bar zobban sai ranar da za a sake gogewa, ta sa aka matsar da teburin taku ɗaya.